Robar da Ta Shanye Aikin Auta

Shekara ashirin da biyu ke nan ina wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibai sun zo sun tafi, yawancinsu ko sannu babu. Ban da wadda nake kira Auta, mai ce mini Inna.

Ita ta zaunar da ni ta bayyana mini aikinta. A bayan tumbi akwai fankiriyas, mai fitar da insulin da ke sauke sukarin jini. Jiki kuma da kansa yana haɗa wani sinadari, ɗan'uwan na cikin tabar wiwi, shi take ɗiga wa ƙwayoyin fankiriyas ta ga yadda fitar insulin za ta canja.

Na ce, "Ashe kowa da tasa wiwin a ciki? Har Farfesa?" Ta yi dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yau gwaji ya nuna canji, gobe shiru kamar an ɗiga ruwa. Farfesa, shugaban sashen, ya ba ta wata guda: ko sakamako ya tsaya, ko a soke aikin shekara uku. Yarinya ta rame, ni kuma raina ya ɓaci.

Boko ban yi nisa ba, amma na san kwatamin wankina. Ranar da ta fito da fara'a, cike yake da gilashi. Ranar kuka kuwa ba abin wankewa, don bututun roba ta ɗauka, irin na yarwa.

Na tare ta. "Auta, sinadarin nan naki, maiƙo gare shi?"

"Sosai, Inna."

"To, kin taɓa wanke robar da aka zuba wa mai? Ai ba ta saki. Robar ce ke shanye miki abu kafin ya kai."

Ta tsaya baki buɗe, sai ta kwasa da gudu. Sau tara ta maimaita da gilashi, sau tara insulin ya canja iri ɗaya.

Ranar kare aikin ina can baya a tsaye. Baƙon malamin da ya zo jarraba ta ya tambaya wa ya gano zancen robar.

"Innata ce, ga ta can," in ji Auta.

Duk suka waiwayo. Wallahi kaina ya fasu. Hannuwana sun yi yaushi da ruwan sabulu, na saba ɓoye su cikin mayafi. Ranar na ɗaga ɗaya sama sosai, don na gaba su gani da kyau.