Ciyawar da Kawu Alcide Yake Kiwo

Shekara uku Marceline Fontenot ta yi tana fama da salbiniya a Tafkin Bellerive. Ciyawar kamar kainuwa take, a saman ruwa take yawo, sai dai cikin mako guda takan ninka kanta, ta rufe ruwa ruf har kifi ya mutu a ƙarƙashinta. Hukumar kula da kifi ta jihar Luziyana ce ta ɗora wa Marceline aikin. Su fesa magani, su kwashe a mota, da an yi ruwan sama mai ƙarfi sai ta sake ɓullowa ta bakin rafin arewa.

Ranar wata Talata ta sa dogayen takalman roba, ta bi rafin da ƙafa don ta ga inda abin yake fitowa. Ta ƙetare gonaki huɗu, sauro yana cin ta. Ta biyar ɗin ta Kawu Alcide ce, ƙanen mahaifiyarta, kuma a kududdufin bayan gidansa ta koyi iyo.

Ba ta ga ruwa ba. Kore ne shar daga wannan baki zuwa wancan.

Ta tsuguna, ta ɗebo ganye, ta ciro madubin ƙara girma daga aljihu. Salbiniya iri biyu ce. A ƙaramar, wadda ɓarnarta ke da sauƙi, gashin da ke kan ganyen yakan rabu huɗu ya baje. A babbar kuwa, huɗun sukan sake haɗe kai a sama, kamar ɗan keji. Ta duba ganye ɗaya, ta jefar, ta duba wani. Sai da ta duba goma tana fatan ganin wanda ya baje. Duk a haɗe suke.

A gindin bishiya ta ga bokitai fiye da ashirin a jere, kowanne cike da ciyawar, da allo an rubuta: TABARMAR RUWA, ADON LAMBU.

"Ke 'yar nan, ta baya ake shigowa yanzu, ba ko gaisuwa?" Kawu Alcide ne ya sauko daga baranda yana jan ƙafarsa mai ciwo.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Ciyawa. Ba ke ce mai digirin ciyawa ba?"

"Sayar da ita kake yi?"

"Ranar Asabar a kasuwa. Matan birni na son ta a 'yan tafkunan gidansu."

Ta miƙa masa madubin. "Duba gashin. Ita ce wadda nake ba ku labari."

Bai karɓa ba. Ya kawar da kai wajen bokitan. "Na san ita ce."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai. Duk Lahadi bayan coci a teburinsa take cin shinkafa da soyayyar tarwaɗa, tana ba su labarin masuntan da suka jingine jiragensu, da matattun kifin da take kwashewa da shebur. Shi kuma yana gyaɗa kai, yana ƙara mata miya.

"Shekara uku kana kallona ina wahala."

"To ni na kawo ta ƙasar nan? Tunda aka rufe masana'antar katako, wa ya taɓa tambayata me nake ci? Kududdufina ne, a filina yake."

"Ruwan da ke ambaliya daga ciki ma a filinka yake tsayawa?"

"Kada ki ɗaga mini murya. Ni na goya ki."

"Ka goya ni, ka kuma mai da ni sakarya."

Ta ɗauki hotuna, ta zuba ganye a leda ta rubuta kwanan wata. Sannan ta kira ofis a gabansa, ta faɗi adireshin ba tare da ta duba takarda ba. Matarsa, Inna Verna, tana tsaye a ƙofar kicin da tawul a hannu.

"Marcie, kawun naki za ki kai ƙara?"

"Na riga na kai, Inna."

Cikin mako aka toshe mafitar kududdufin da buhunan yashi, aka fesa magani sau uku. Ciyawar ta ruɓe, tarwaɗar da ke ciki ta mutu, wari ya cika unguwar. Kawu Alcide ya ƙi faɗin waɗanda suka saya, ya ce Marceline ta je ta bi su da ƙafa tunda ta iya. Inna Verna ce ta aiko mata da sunaye goma sha tara a bayan ambulan, ba gaisuwa, ba sa hannu.

Marceline ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. A na sha ɗaya, wata mata ta ce abin ya cika mata tafki, ta kwashe ta zubar a fadamar bayan gari tun watan jiya. Marceline ta tambayi matar ta wace hanya ake shiga fadamar.