Lamba Ɗaya a Jerin Matuƙa

Ranar da kamfani ya amince da kuɗin awar da muka nema, sai da na shiga banɗaki na yi amai. Ina jiyo abokan aikina a waje suna tafi, wani har da dukan tebur. Na kurkure baki, na dubi tsohon da ke cikin madubi, na ce masa, to, sarkin taurin kai, yau kuma me za ka ƙirƙiro?

Ni matuƙin jirgin sama ne, shekara ashirin da bakwai a ƙaramin kamfani ɗaya, muna kwasar mutum hamsin daga wannan gari mu sauke a wancan. Jirginmu mai farfela ne, Dattijo muke ce masa. Ko an ɗaure min ido na san inda kowane maɓalli yake, da ƙarar injinsa kawai ina gane ko ya tashi da lafiya. Sai kamfani ya ɗauko hayar sababbin jirage uku marasa farfela, gabansu duk allon gilashi, babu agogo mai allura ko ɗaya. Yaranmu, ƙananan matuƙa, suka sa masa suna Mai Gilashi.

Ƙa'idar aikinmu biyu ce a nan. Ba matuƙin da zai taɓa sabon jirgi sai ƙungiyarmu ta matuƙa da kamfani sun daidaita kan kuɗin da za a biya a kowace awa a kansa. Sannan da zarar an sa hannu, horo yana bin jerin daɗewa a aiki, na sama shi ke fara shiga. Wanda ya faɗi gwaji sau biyu ya tafi gida ke nan, don Dattijo an riga an yi cinikinsa. Ni ne lamba ɗaya a jerin. Ni ne kuma shugaban kwamitin tattaunawa, saboda an ce bakina ba ya mutuwa.

Abin da ba su sani ba, na riga na taɓa zama a kujerar Mai Gilashi. Kafin jiragen su iso, masu ƙera su sun gayyaci mutum biyu daga ƙungiya su je su gani, aka tura ni da mataimakiyata a tuƙi, wadda ita ce sakatariyar kwamiti. Ni na koya mata tuƙin Dattijo tun tana rawar murya a rediyo, Baba take ce min, ni kuma ina ce mata Sakatariya. Aka saka mu a akwatin gwaji, wato na'urar nan da ke kwaikwayon jirgi har da girgiza. Muna tashi malamin da ke gwada mu ya kashe min inji ɗaya. Hannuna na dama ya tafi da kansa neman mariƙin tsayar da farfela, ya damƙi iska. Allon ya cika da rubutu, wani ja wani rawaya, wata murya tana ta ihu. Wallahi ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Na sandare, hannuna a rataye, har gilashin gaba ya koma ja, alamar mun faɗi ƙasa. Sau uku aka maimaita, sau uku na kashe mutum saba'in na ƙarya. Malamin ya ce yana faruwa ga kowa. Sakatariya kuwa kanta a ƙasa, tana ta gyara igiyar takalminta da ba ta kwance ba.

Tun daga ranar tsoro ya zauna min a ciki. Na samo hoton gaban jirgin, babba, na liƙa a bayan ƙofar kabad ɗin kayana. Idan na dawo da rana sai in rufe ɗaki in ja kujera, ina taɓa takarda da yatsa ina haddar wurare. Matata ta kama ni sau ɗaya, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, tsufan ne ya zo da magana da kabad? Na daka mata tsawa ta fita, abin da ban saba ba. Da daɗewa ina jin kunyar tsawar nan.

To, a teburin tattaunawa sai na zama dodo. Duk abin da lauyan kamfani ya kawo sai in ture. Ya ce ƙarin kashi takwas, na ce sha biyar. Ya zo sha biyu, na ce ai maganar kuɗin kwana a wani gari ba a taɓa ta ba. Aka taɓa ta, na tono maganar hutu. Kuma fa ba ƙarya nake ba, hakkinmu ne, jirgi mai ɗaukar saba'in ba a biyansa kuɗin mai ɗaukar hamsin. Amma ni na san abin da ke tura bakina. Wata bakwai jiragen nan suna rumfar jirage da ledoji a bakin injinansu, yara suna nuna ni suna cewa Kyaftin ba ya lanƙwasuwa. Duk sanda aka faɗi haka sai in ji gumi yana bin bayana.

Ana cikin haka masu jiragen suka aiko cewa idan ƙarshen wata ya yi ba su fara tashi ba, za su kwashe abinsu. Lauya ya karanta mana wasiƙar, ya ƙara da cewa in haka ta faru, mutum goma sha huɗu daga ƙasan jeri za a sallama. Na buga tebur na ce barazana ce, mun saba ji. Amma na ga ranar wasiƙar da hatiminta, na san ba wasa ba ce.

Shi ne aka zo wannan safiya da na fara ba ku labarinta. Lauya ya shigo idonsa ya faɗa, ya ajiye takardu ya ce sun amince, kashi sha biyar ɗin, da kuɗin kwana, da hutun, duka. Aka ba mu minti ashirin mu duba kafin a sa hannu.

Na fito daga banɗaki da sabuwar dabara a bakina. Zan ce inshorar lafiya ba ta fito fili a shafi na tara ba, a ɗage zuwa wata mai zuwa. Yaran za su bi ni, ko rami na ce su shiga za su shiga. Sai na tarar da Sakatariya a baranda, kusa da na'urar ruwan sha, ta riƙe kofin roba ba ta sha ba. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce cikina ne ya ɗan juya. Na fara yi mata bayanin shafi na tara, ina ɗaga murya yadda na saba. Ta bar ni har na kai ƙarshe.

“Baba,” ta ce, “ni ce ta huɗu daga ƙasan jeri.”

Na ce na sani, ai don irinsu nake wannan faɗan.

“Ina zaune a damanka ranar nan. Na ga hannunka. Wata bakwai ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana. Ba zan faɗa ba kuma, ko yau ka ture takardar nan.”

Da ta yi min barazana da na ji daɗi, don na iya faɗa. Amma muryarta rawa take irin ta farkon zuwanta, kofin yana kaɗawa har ruwa ya zubo mata a hannun riga. Tsorona take ji, ni, kamar yadda nake tsoron allon nan. 'Ya'yanta biyu, na ci abincin sunan ƙaramin.

Muka koma ciki. Lauya ya turo takarda da biro. Na buɗe shafi na tara, na sa yatsa a kan layin. Kowa ya zuba min ido, lauya har ya fara runtse nasa. Maganar tana kan harshena, a shirye, da ɗaga murya da komai. Na haɗiye ta, ta wuce da ƙyar kamar ƙwayar magani ba ruwa. Na juya zuwa shafin ƙarshe na sa hannu, sa hannun ya fito a karkace, ko a banki ba za su karɓa ba.

Ihu ya tashi. Kafin in ankara sun ɗaga ni sama, tsoho da ni, suka nufi rumfar jirage da ni ina ta cewa ku sauke ni, 'yan banza. Makanikai suna yage ledojin bakin inji. Wani ya riga ya liƙa jerin horo a bango, sunana a sama, Litinin ƙarfe takwas na safe. Suka tura ni matakala, suka zaunar da ni a kujerar hagu wai a ɗauki hoto, suka ce Sakatariya ta zauna a dama. Wani makaniki ya kunna wuta, allunan nan biyar suka waye a gabana lokaci guda. Na yi murmushin hoto.

Da suka sauka suna ta hayaniya, na dubi hannuna na dama. Ya sake tafiya neman mariƙin farfela, wurin nan da babu komai, yana rataye. Ban ɓoye shi ba wannan karon, ina zan kai shi? Sakatariya ta fara kwance bel ɗinta za ta tashi.

“Zauna,” na ce. “Kwana huɗu gare ni, kuma tsoro nake ji, 'yar nan. Tsoro sosai.”

Ta koma ta zauna. Ta miƙa hannu ta ja ƙofar ɗakin tuƙi ta rufe, ta kama hannun nawa ta sauke shi ƙasa kaɗan, ta ɗora shi a kan wani ɗan maɓalli mai murfi, wanda ake nema idan inji ya mutu.

“Nan ne yanzu, Baba. Ɗauke hannun, ka sake nemo shi.”

Na ɗauke, na sake miƙawa. Ya damƙi iska.

“Sake,” ta ce.