Sai Kin Sauko

…kuma wai aiki ne. Aiki. Mace ta yi karatu har ƙasar Turawa, ta ƙare a jan igiya bisa ƙanƙara kamar mai jan jaki. Zainab, ni Gwaggonki, ni da na goye ki tun ranar da aka binne uwarki, na koya miki Fatiha da tsumagiya a hannu — abin da na rena ke nan? Mai sauraren dutse?

Yau kwana huɗu. Ba ƙirgawa nake ba. Wayar dai tana nan bisa tabarma kusa da ƙwaryar ruwa, ban ajiye ta don kowa ba.

Dutse mai aman wuta, in ji ki, amma ƙanƙara ta lulluɓe shi. Wuta a ciki, sanyi a waje. Ashe ko cikin duwatsu akwai munafukai. Ni ƙanƙarar da na sani ta azumi ce, wadda ake sayarwa a bakin tashar Mafara, kafin a iso gida rabi ya tsiyaye. Ke kuwa wai tafiyar yini a kanta, ba itace, ba akuya, ba kiran salla. Da mi kike alwala? Da wando kike hawa, na gani. Yayanki Fa'izu ya dawo daga mahauta ya nuna mini hoton yana dariya, yana shafa wa gilashin wayar maiƙo. Ban yi dariya ba.

“Gwaggo, zare ne na gilashi, kaurinsa kamar gashin kai.” Haka kika ce, a hankali, yadda ake yi wa kurma bayani. Kuna tsaga ƙanƙara kamar huɗar gona, ku kwantar da shi, ku rufe. Sai a tura haske a ciki. In ƙasa ta motsa ko kaɗan, zaren ya ja, hasken ya dawo da labari. Haske mai kai gulma… Wai ita ma ƙanƙarar tana tsagewa tana ƙara, sai kun tankaɗe, kun ware kukanta daga na dutsen. Tankaɗe. Ke da ba ki taɓa tankaɗe mini garin dawa ba tare da an sake ba.

Ai na san zaren naku. Irinsa aka binne a gefen titin nan na Gusau zuwa Sakkwato, taki kaɗan daga ƙofarmu. Ɓarayi suka tone wani yanki nasa, suna zaton jan ƙarfe ne, suka fere, suka tarar da gashi. Suka yar a kwata. Abin da ɓarawo ya raina, shi ɗiyar ƙanena ta ba rayuwarta.

Don mutanen gindin dutsen, wai. In wutar ta taso ƙanƙara ta narke, ruwa ya gangaro ya share gidaje, to in kun ji da wuri sai su gudu. Su wa? Sun san sunan ubanki? Mu can ƙauyenmu Dosara wa ya shimfiɗa mana zare? Ƙwarya — ƙwarya nake cikawa da ruwa in ajiye a ƙasa tsakar gida. In fuskar ruwan ta fara rawa, baburan 'yan bindiga ne, tun kunne bai ji su ba. Ba boko, ba haske. Rana tsaka, gero ya kai ƙirji, ruwan yana rawa, ina kwashe mata ina tura su cikin gona, Ɗantala yana cewa iska ce, Yaya, iska ce, bari in kwance shanu… Ubanki ke nan. Taurin kai gado ne. Ke kina makaranta a Sakkwato, ba ki ga yadda muka same shi a bakin turke ba, ni na rufe masa ido, ni na—

Ruwan yana kwance. Nan Mafara ce, nan ba sa shigowa, in ji mutane. Ina cika ta dai kullum. Hannu ne ya saba.

Ran Talata kika kira. Wai dutsen ya fara motsi, zaren ya tsinke a wani wuri, za ku hau ku haɗa kafin ku rasa abin da yake faɗa. Dutse yana cewa ku gudu, ku kuna hawa. Wannan ne ilimin? Sannan muryarki ta yi ƙasa, irin ta lokacin da kika fasa mini tulu. “Gwaggo, ki yafe mini, ki sa mini albarka.” Kamar yadda kowane mai tafiya ke yi. Ko mai zuwa kasuwar Janbako ana ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ko maƙiyi.

Na ce, sai kin sauko.

Na danna jan maɓallin. Daidai na yi. Yarinya ba ta taka maganata shekara uku, ki dawo, ki dawo, sannan ta zo neman albarka ta waya kamar mai neman gishiri a maƙwabta. Horo ne. Wa zai hore ki in ba ni ba? Sai kin sauko, ki zo nan, ki durƙusa, in ga ko kin rame, in ji ko har yanzu kina iya gaisuwa…

Fa'izu ya ce babu sabis bisa ƙanƙara, shi ke nan. Mahauci. Mi ya sani bayan haƙarƙari? Amma bai yi dariya ba wannan karon, kuma tun jiya yake latsa wayarsa yana juya mini baya.

Ɗantala ma ya ce in yi masa addu'a da safen ranar da suka zo, ina fushi kan maganar shanun, na ce — a'a. Ba wannan ba. Ba yanzu ba.

Ruwan yana rawa.

Tirela ce a titi. Ban ji tirela ba. Babura? Shiru, sai kaji. Gwiwata ce ke taɓa ƙwaryar. Na janye. Yana rawa har yanzu — hannuna ne a bakinta. Tun yaushe? Tsohuwar banza, kwana huɗu kina zaune kina gadin ƙwarya da waya, kina sauraren ƙasa, kina zagin mai sauraren ƙasa.

Ana kiran la'asar. In tashi. Ban tashi ba.

Kin ce zaren nan na bakin titi yana ratsa har ƙarƙashin teku. Kin ce irinsa yana jin takun mutum. Ƙarya ce, na sani. Shirme ne. Na dai ɗora tafin hannu a ƙasa, na buga sau uku, yadda nake buga miki ƙyaure ki tashi salla…

Na yafe. Kin ji? Ban jira kin sauko ba. Tankaɗe wannan daga kukan ƙanƙarar, in kin iya.