Kajin Kawu da Mai Tantancewa na Biyu

Auta ta shiga gidan Kawu ranar Asabar da hantsi, ta tarar da shi tsaye a tsakiyar falo, takarda a hannu, tabarau ya zamo har kan hanci, yana ta faɗa da wani mutumin da ba ya nan.

"Yauwa, ga Daktar gida ta iso," in ji Hajiya, matar Kawu, tana ajiye butar shayi. "Zo ki raba su. Tun jiya ake dambe, ni ban ga abokin damben ba."

Kawu yayan mahaifiyar Auta ne, shi ya riƙe ta tun tana firamare. Malami ne a jami'a, a sashen kiwon dabbobi, ita ma sawunsa ta bi har ta zama malama a wata jami'ar a wani gari. Duk da digirinta na dakta, a gidan nan Auta ce, ita ake aike ɗauko cokali.

Abu ɗaya ya rage wa Kawu a duniyar aiki: a kira shi Farfesa kafin ya yi ritaya. Kwamitin ƙarin girma zai zauna ƙarshen wata mai zuwa, kuma makala ɗaya tak ta rage masa ya cika sharaɗi. Ya rubuta ta a ɓoye, don Kawu bai yarda kowa ya ji abin da yake bincike ba, wai kada a sace masa. Ya tura wa wata mujalla ta masana. Su kuwa mujallun nan haka suke yi: a cire sunan mai makala, a ba masana biyu su tantance, su ba su san nasa ba, shi bai san nasu ba. Na farko ya ce ta yi. Na biyu ne ya hana Kawu cin abinci.

"Zauna ki ji rashin kunya," in ji Kawu. Ya maƙale murya kamar mai mura, ya karanta: "Marubucin ya ce kajin da suka ci ganyen gwanda sun fi yin ƙwai. Sun fi su wa? Ina kajin da ba su ci ba?"

Auta ta kai kofi baki, sai hannunta ya tsaya a hanya. Ta san maganar nan. Ita ta rubuta ta da yatsunta a ofis watan jiya, har ta yi 'yar dariya don ta ga jimlar ta zauna daram. Ko a mafarki ba ta kawo cewa kajin Kawu ba ne.

"Na san irinsu," Kawu ya ci gaba, yana kaɗa takardar. "Wani tsoho ne, hassada ta cinye shi. Wallahi bai taɓa riƙe kaza ba sai a faranti. Ji wannan kuma: A sake duba lissafin shafi na shida. Ni za a koya wa lissafi!"

"Shayin ya yi zafi ne, Auta?" Hajiya ta tambaya. "Na ga kina zufa."

"A'a, Hajiya. Hanya ce." Ta ajiye kofin, ta sunkuyar da kai. "Amma Kawu, ina kajin da ba su ci ɗin ba?"

Kawu ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Hajiya ta gyara zama.

"Faɗa mata mana, Malam."

"Ke za ki faɗa, tunda aikinki ne."

"To, ni dai ga yadda aka yi," in ji Hajiya. "Akurki biyu ya kafa min a bayan gida. Kajin na ɗaya, masu cin ganyen, ya ɗaura musu jan zare a ƙafa, ya ce ko kallon banza kada in yi musu. Na ɗayan bai ce komai ba. Baƙi suka cika gida lokacin da yayarki ta haihu, me zan ba su, ganyen gwanda? Yau in yanka ɗaya, gobe biyu. Ke ma kin ci cinya, har kika ce a ƙara."

Auta ta rufe baki da mayafi. Ta tuna cinyar.

"Ba komai," in ji Kawu, ya mayar da tabarau. "Tun ba a haife ki ba nake tare da kaji. Na san ƙwan da za su yi da suna raye. In rubuta masa shi a jere, ya gani, ya rufe min baki."

"Kawu, ai wannan ƙirƙira ce."

"Ƙiyasi ne, 'yar nan. Ƙiyasin masani."

Auta ta tashi ta kwashe kofuna. A gidan nan ba a ja da Kawu sau biyu a magana ɗaya.

Ranar Litinin ta zauna a ofishinta, fanka tana kuka a sama, takardun jarrabawar ɗalibai sun yi tsiri a kan tebur, ta kasa taɓa ko ɗaya. Makalar za ta dawo mata idan Kawu ya gama gyara, haka tsarin yake. Kalma ɗaya za ta rubuta, ta ce ta gamsu, shi ke nan Kawu ya zama Farfesa, kuma ba mai ji ba mai gani. Mutumin da ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur, ya tsaya a bakin ƙofa sai ya ga ta shiga aji. Idan kuwa ta bi ƙa'ida, mai tantancewa ba ya duba aikin ɗan'uwansa. Dole ta sauka a nemi wani, wanin kuma Allah kaɗai ya san ranar da zai buɗe makalar.

Ta ɗauki waya ta ajiye. Ta je ta sha ruwa ta dawo. Ta gyara labule, wanda ba abin da ya same shi. Sannan ta kira editar mujallar, wata babbar mace mai murya kamar ta shugabar makaranta.

"Ranki ya daɗe, makalar kajin nan ce. Na gano mai ita. Kawuna ne."

Sai dariya ta fashe a wayar. "Kawunki? Na uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarki? Shi kika tambaya ina kajinsa?"

"Ban sani ba lokacin, wallahi."

"Na yarda. Da kin sani da ba ki wanke shi haka ba. To, kin yi daidai da kika faɗa. Zan nemi wani, amma kin san halinku, ku masu tantancewa. Sai na yi ta roƙo kamar mai neman aure, a ce min gobe, goben ta zama wata uku."

"Ba zai yiwu kafin ƙarshen wata mai zuwa ba?"

"Ba na yi miki alkawarin abin da ba na iyawa, Dakta."

Auta ta murza bakin mayafinta. "Zan iya gaya masa ni ce?"

"Tunda kin sauka, sunanki naki ne. Sai dai ki tsaya kusa da ƙofa in za ki faɗa."

Asabar ta zagayo, Auta ta koma. Ta sami Kawu a bayan gida, ya naɗe hannun riga yana zuba wa masu jan zare dusa. Ɗaya akurkin yana nan wayam, Hajiya ta mai da shi wurin ajiye tsofaffin bokitai.

"Kin ji labari?" ya ce tun kafin ta gama gaisuwa. "Ya gudu! Mujalla ta aiko min, wai na biyu ya janye. Ko amsata bai gani ba, ƙamshinta kawai ya ji."

"Kawu."

"Sai dai sun ce za a jira wani. Ni jiran nan ne ba na so."

"Kawu, ni ce."

"Ke ce me?"

"Na biyun. Ni aka ba makalar. Ban san taka ba ce sai ranar da ka karanta a falo."

Kawu ya tsaya da kwanon dusa a hannu. Wata kaza ta miƙo wuya tana ci daga ciki, bai kore ta ba. Ya dubi Auta daga sama har ƙasa, kamar yau aka kawo ta gidan.

"Ke kika ce in sake duba lissafi?"

"Akwai kuskure a layi na uku, Kawu," ta ce, idonta a kan takalminta.

Daga tagar kicin aka ji wani sauti, kamar mai tari kamar mai dariya. Kawu bai waiwaya ba.

"To da kika gane," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "me ya hana ki yi shiru ki sa hannu? Wa zai sani? Kin san kwamiti zai zauna. Kin san abin da ya rage min."

"Na sani. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga." Hawaye ya cika mata ido, ta ƙi bari ya zubo. "Amma in ta fita da ƙwan kajin da muka cinye, wata rana wani ya gwada ya ga ba haka ba ne, sunanka za a kira, ba nawa ba. Ni kuma ba zan iya jin ana kiranka Farfesa ina sunkuyar da kai ba."

Kawu ya ajiye kwanon a kan akurki, ya kakkaɓe hannu, ya shige ciki. Ranar bai fito cin abinci ba. Hajiya ta raka Auta bakin ƙofa, ta dafa kafaɗarta. "Bar shi. Fushinsa na sani, ba ya wuce yunwa biyu. Amma ke ma, Auta, bakinki a takarda ya fi na gida kaifi."

Wannan karon ya wuce yunwa biyu. Kwamiti ya zauna ba tare da sunan Kawu ba. Wani da Kawu ya koyar a aji ya zama Farfesa, Kawu ya je ya taya shi murna, ya dawo ya kwanta da rana tsaka. Auta tana kira, Hajiya ce ke ɗauka, ta ce yana wanka. Mutum ɗaya, wanka safe, rana da yamma. Abin da Hajiya ta tsegunta mata kawai shi ne, bai rubuta ƙwan ƙiyasin ba. Da kansa ya aika wa mujallar cewa ya janye makalar sai ya sake gwaji.

Wata safiya wayar Auta ta yi ƙara, ta ga sunansa. Ko sallama bai tsaya ya ƙarasa ba.

"Motarki tana da lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Ki zo ki kai ni kasuwar kaji. Zama ɗaya ya rage min kafin ritaya, na baɗi. In zan sake abin nan, yanzu ne."

A kasuwa ya sha gaba tana biye da shi da kwanduna, suna ratsa keji-keji da kukan kaji. Ya ɗaga wannan ya duba ido, ya buɗe fiffiken waccan, ya ce wa mai kajin wannan ta tsufa, kada ya raina masa hankali. Sai da ya zaɓi son ransa, sannan ya yi gyaran murya, bai dube ta ba.

"Nawa-nawa za su ishe ku a kowane akurki, ku masu tantancewa?"

Ta faɗa masa a hankali.

"Kai! Kin cika son wahalar da mutane," in ji Kawu. Ya juya wajen mai kajin. "Yadda ta ce ɗin. Ka ƙara biyar-biyar a kai."