Baƙo Yana Neman Gafara

Marka na tsakiyar sussukar dawa Dela ta shigo ko sallama babu, ta durƙusa gefen turmi. Dela matar Baƙo ce, maƙwabcinta na jikin danga, kuma rabon ƙafarta da gidan nan tun shekarar diban gwamna, da aka kwashi ƙarti aikin dole.

"Yaya Marka, jikin Malam ya tsananta. Ya ce a roƙe ki ki zo."

Marka ba ta ajiye taɓarya ba. Ta san abin da ake kiranta ta yi. Tun jiya take jin masu shiga da fita ta bayan danga, Baƙo na roƙonsu gafara, kowa na ba shi amsar da aka gada: na yafe duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A ƙauyen nan na gefen Dugabau ba a taɓa jin wanda ya hana mai barin duniya wannan amsa ba. Ita kaɗai ta rage.

Lokacin yaƙin Turawa, da aka ce kowace unguwa ta ba da ƙarti su tafi haƙar kuza Jos, Baƙo ne ɗan aiken mai unguwa. Gali, ɗan farin Marka, wanda shi kaɗai ya rage mata, ya shige rumbu ya ɓuya. Baƙo ya shigo da dogari, ya nuna rumbun da haɓa, aka tafi da yaron. Sanyin duwatsun can ya kama ƙirjin Gali, waɗanda suka dawo suka kawo mata bargonsa.

Yanzu an ce zamani ya sake. An daina diban mutane, an tuɓe wancan mai unguwa, har mai shela ya zo daga Gwarzo ranar kasuwar Kabo ya ce talaka na iya kai ƙara, a dai yi haƙuri, gyara ake yi. Marka ta ji, ta ce to. Gyaran bai taɓa riƙe mata fartanya ba. Ita ke bin gonakin mutane tana kala, ita ke yi wa wasu sussuka don a sam mata 'yar tsaba. Shi kuwa haƙuri, kullum gidan wanda aka cuta ake kai shi, sai ka ce shi kaɗai ke da wurin ajiya. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Da Dela ta fita, sai ga liman Malam Jalo a bakin zaure. Ya yi ta jan magana, wai Baƙo ma aiko shi aka yi, wai abin da ya wuce ya wuce, mai yafiya shi Allah ke yafe wa.

Marka ta ce, "Malam, kun ce in jira gyara, na jira. Yau kuma kun ce in yi sauri, don shi ba zai iya jira ba."

Duk da haka ta yafa mayafi ta bi shi, don ba ta iya musu da liman a ƙofar gidanta.

Ɗakin na warin jiƙo, mata sun zauna jikin bango. Baƙon da ke taka ƙasa da ƙarfi a da ya koma kamar kara a kan tabarma. Ya ɗago ido da ƙyar.

"Marka, ki yafe mini yaron nan."

"Gali sunansa," in ji ta.

Matan suka sunkuyar da kai. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kuma tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Baƙo ya maimaita sunan a hankali, sannan ya zuba mata ido yana jira.

Ta buɗe baki da niyyar ta faɗa a wuce wurin. Ta laluba zuciyarta, ba ta tarar da ƙiyayya ba, ba ta kuma tarar da yafiyar ba. Ƙarya kuwa ba za ta yi wa mai mutuwa ba. Ta ga leɓensa ya tsattsage, Dela na ba shi kunu da ludayi yana zuba a wuyansa. Ta karɓi ludayin, ta tallafo kansa, ta ba shi ya kurɓa.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta miƙe.

Kowa a ɗakin ya ji abin da ba ta faɗa ba. Dela ta fashe da kuka, ba kuma wadda ta ce wa Marka a sauka lafiya.

Bayan la'asar ta ji salati ya tashi ta bayan danga. Can ta ji ana cewa randar gidan ba ko ɗigo, ga rijiya da nisa, ga shi ana son yi masa wanka kafin rana ta faɗi. Ta ɗauki tulunta da ta ɗebo da sassafe, ta tura shi ta ƙarƙashin dangar, wani hannu ya ja shi ciki. Ta dawo ta zauna gaban murhu, ga tsabar a ƙwarya, ga tukunya a kife, babu ruwan ɗorawa.