Gefen Hannun Malama Taswira

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Taswira. Tun da ƙuruciyarta take koyar da darasin zamantakewa, kuma ko ido a rufe za ta zana maka ƙasa da kogunanta. To, ana dawowa hutu sai ta tarar an ɓamɓare baƙin allon ajinta, an kafa wani na gilashi mai aiki da lantarki. Hedimasta bai yi wa malamai kwana-kwana ba: duk wanda ya kasa sarrafa shi bayan horo, a ba wani ajinsa, shi ya koma gadin ɗakin littattafai.

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma ji tsoro ba. Jikinta ne kawai ya mutu, take zuwa horon tana dawowa.

Ranar gwaji ta ɗauki alƙalamin roba, ta jingina gefen hannunta da allon kamar yadda duk mai rubutu da alli yake yi, ta ja kogi. Hannun na biye da layin, kogin na ɓacewa. Ta sake ja, ya sake ɓacewa. Malamai 'yan uwanta kowa ya sunkuyar da kai, har gara a ce dariya suka yi.

Mai horarwar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, ta matso ta yi ƙasa da murya. "Mama, ɗaga hannun. Idan gefensa ya taɓa, allon ɗauka yake kina gogewa."

Ta ɗaga. Layin ya fito a karkace yana rawa, kamar na ɗan aji ɗaya.

"Kada ki wahalar da kanki, Mama. Ai ba sai kin zana ba. Taɓa nan."

Ta taɓa. Taswira ta cika allon, koguna shuɗaye, iyakoki ras, babu kuskure ko ɗaya. Ta ja da yatsa biyu yadda aka nuna mata, garuruwa suka matso kusa. Aka tafa mata. Hedimasta ya ce, "Kin gani ko, Malama? Aji naki ne."

Washegari ta shiga ajin, ta taɓa wurin da aka nuna mata, taswira ta cika allon. Yara suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Wata a layin gaba ta ce, "Malama, ashe haka kogin yake."

"Haka yake," ta ce. Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba a tsakiyar darasi.