Koriyar Rigar Auta

...har kina da bakin tambayata? "Inna, za ki riƙe min yaran in koma makaranta?" Ki jefo min magana daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, wai kin makara aikin dare, sai da safe za ki ji amsata. Wace makaranta kuma, Auta? Wadda kika yi fa, ruwa ya cinye ta?

Ga jakar kayansu nan. Kwana ɗaya, in ji ki. Kwana ɗaya har da takalman makaranta da maganin tarin ƙaramin? Ni za a yi wa wayo?

Kai! Sauko min daga kan buhun nan.

Tun da kika fara kewaye-kewayen zancen nan na je asibitin naku, ba ki sani ba. Ban yi boko ba, amma idona nawa ne. Na ce wa mai gadi dubiya na zo, na zauna a bencin ƙofar ɗakin maza, na ja mayafi. Shekara da shekaru ina cika baki a unguwa, 'yata nas ce, 'yata nas ce... ashe nas ɗin ma hawa-hawa ce. Masu koriyar riga, ku ke nan: ɗaga mara lafiya, canza zanin gado, kwashe fo. Masu farar riga su ne na allura da magani. Sai wata mai baƙar ɗamara, wai digiri gare ta, tana tafe kafaɗa da kafaɗa da likita, kowa na kauce mata. Matar da ke gefena ce ta rarrabe min. Ita ma ban yarda da ita ba, ta cika sani.

Wa ya raba rigunan nan? Takarda, wai. Takarda ko ɗan'uwa a ofis? Ko dai ke ce ba ki gama waccan ba, kika ɓoye min? A'a, na ga hoton, har da hula... to hula kuma, ba a aronta?

Ko mijin naki kike gudu? Shi da ya aiko wai duk abin da Inna ta yanke. Tun yaushe yake jin maganata? Bakinku ɗaya.

Ran da na je ɗin, tsohon nan na gadon jikin bango — ruwan da ake ƙara masa ya ƙare, jini ya fara hawowa ta siririyar robar, ɗansa na ta kiranki, nas, nas! Na ga hannunki ya tashi. Ya kai. Ya tsaya a iska... kika mayar da shi aljihu, kika ruga kika kirawo wata 'yar mitsitsiya mai farar riga, a haife kin kusa haifarta. Ta zo ta murɗa, ta cire, ta rataya sabo, har da "sannu Baba". Na zuba ido in ga kuskure. Babu. Ta iya, ja'irar, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ta juyo: "Anti, a canza masa zani." Kika ce to.

To! Ke da ko ni ba kya ce wa to sai an kai ruwa rana.

Shekara uku karatun, wai. Kamar a lalitata na ƙulle su. Gwiwar nan da sai na dafa bango take yarda ta miƙe — wankan yara, wanki, rakiyar makaranta, wannan ya yi zazzaɓi, wancan ya fasa goshi... In na ce a'a, haka za ki yi furfura kina kiran sa'annin 'ya'yanki su murɗa miki roba. In na ce e... ke da kike juya tsofaffi a gado kullum, kin fi ni sanin abin da ya rage a jikin nan. Kin lissafa da shi? Ko ba ki ma lissafa ba? Ban san wanne ya fi...

Na gaji.

Ke yarinyar nan, cire hannu daga rediyon nan. Ku wanke ƙafa ku hau katifa, ƙarami a tsakiya kada ya faɗo. Babu wani ruwa da za a sha, yanzu ka sha. Ku kwanta, na ce.